Ambaliya a Birni: Ina Ruwan Sama Ya Kamata Ya Je?

Me ya sa titi ke cika bayan ruwan awa ɗaya kacal?

Saboda mun toshe wa ƙasa baki. A daji, ruwa yana tsayawa a ganye da ciyawa, ya nutse sannu a hankali. A birni kuwa kwalta, siminti da rufin kwano ne ke tarbarsa. Ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ce cur. Ke nan rufi mai murabba'in mita 100, idan aka zuba ruwan milimita 30, zai sako lita 3,000. Ka ninka wannan da gidajen unguwa, kowa yana tura nasa cikin lambatu ɗaya a lokaci guda.

To, ba sai a faɗaɗa magudanai ba?

Ana bukatarsu, kuma dole a riƙa yashe su daga shara da leda. Sai dai babbar magudana gaggauta ruwan take yi zuwa gangare. Na tudu ya yi barci, na kwari ya kwana yana kwashe ruwa daga ɗaki. A ganina wannan ba gyara ba ne.

Mene ne mafita?

A riƙe ruwan a inda ya sauka. Tanki a bakin indararo, daɓe mai ƙofofi da ruwa ke ratsawa, lambu mai ɗan zurfi a gefen titi, bishiyoyi. Uwa uba, a daina cike kududdufai da fadama ana gini a kansu, domin su ne rumbun ruwan gari.

An taɓa gwadawa?

Ƙwarai. Bayan mamakon ruwan 2 ga Yulin 2011, birnin Kofenhagen na Danmak ya fito da tsari a 2012 wanda ya mai da wasu wuraren shaƙatawa matattarar ruwa. A Rotadam ta Holan, dandalin Benthemplein filin wasa ne idan babu ruwa, tafki idan an yi mamako. Sin ta fara gwajin "birane masu kama da soso" a 2015. Amma ambaliyar birnin Zhengzhou na Sin ta 2021, inda aka zuba sama da milimita 200 cikin awa ɗaya, ta nuna dabarar tana da iyaka: dole a haɗa da manyan magudanai da gargaɗi kan lokaci.

Ruwan da aka tara ba zai haifar da sauro ba?

Lambun da aka gina daidai yana shanye ruwansa cikin kwana biyu, sauro kuwa yana bukatar kusan mako kafin ƙwansa ya zama mai tashi. Tanki dai a rufe shi ruf, a sa raga a bakinsa.