Ƙananan Siffofi da Shimfiɗar Fili a Wasan Yaƙi na Kan Tebur

Wasan yaƙi na kan tebur wasa ne da mutum biyu ko fiye suke jera ƙananan mutum-mutumin sojoji, dawaki, igwa, tankokin yaƙi ko jiragen ruwa a kan teburin da aka shirya shi kamar filin daga, sannan su gwabza bisa rubutattun ƙa'idoji. Ana auna tafiyar runduna da nisan harbi da tef ɗin awo, ana kuma jefa ƙwayar lido domin a san ko harbi ya samu ko ya kuskure. Siffofin da kayan filin, wato tuddai, dazuzzuka, koguna, gadoji da gidaje, su ne kayan aikin wasan, kuma ƙera su da yi musu fenti sana'a ce mai zaman kanta wadda wasu suka fi ba ta lokaci fiye da wasan kansa. Abin ya fi ƙarfi a Birtaniya, Amurka, Jamus da sauran ƙasashen Turai. Duk wanda yake son fahimtarsa sai ya fara da batun girma, domin tsayin da aka zaɓa wa ɗan sojan shi ne yake yanke irin yaƙin da teburin zai iya ɗauka.

Asali

Hanyoyi biyu ne suka haɗu suka haifar da wannan wasa. Ta farko ta fito daga barikin soja. A ƙasar Furushiya, wata tsohuwar daular Jamusawa, Georg Leopold von Reisswitz ya miƙa wa Sarki Friedrich Wilhelm na Uku wani teburin wasa a shekarar 1812, mai ɗauke da gutsattsarin fili da ake harhaɗawa a fitar da tudu, kogi ko ƙauye. Ɗansa, wanda hafsan igwa ne, ya gyara tsarin ya fitar da ƙa'idojinsa a 1824, inda ya koma amfani da taswira mai ma'aunin 1:8,000, da ƙananan tubalan ƙarfe ja da shuɗi a matsayin rundunoni, da alƙalin da yake yanke hukunci tsakanin ɓangarorin biyu. Kowane zagaye na wasan yana tsaye ne a madadin minti biyu na yaƙi. Wannan shi ne Kriegsspiel, wato wasan yaƙi da Jamusanci, kuma sojan Furushiya sun karɓe shi a matsayin hanyar horar da hafsoshi.

Hanya ta biyu ta fito daga kasuwar kayan wasan yara. Masu zubin kuza na birnin Nuremberg sun shahara tun ƙarni na 18 da sojoji falle-falle, waɗanda ake zubawa a mazubin dutse mai ɓari biyu, kuma gidan Heinrichsen, da aka kafa a 1839, ya sa tsayin kimanin milimita 30 ya zama abin da sauran maƙera suke bi. A Landan kuwa, William Britain ƙarami ya fito a 1893 da dabarar zuba darma a mazubi a tsiyaye ta tun tsakiyar ba ta daskare ba, sai sojan ya fito da rami a cikinsa. Darma kaɗan ke nan ake ci, farashi ya sauka, sojojin kamfanin Britain masu milimita 54 suka cika gidajen Ingila.

Da irin waɗannan sojoji ne marubuci H. G. Wells ya tsara ƙa'idojin da ya wallafa a 1913 da sunan Little Wars. A tsarinsa dakare yana tafiyar ƙafa ɗaya a kowane zagaye, mahayi yana tafiyar ƙafa biyu, ana kuma harbi da 'yar igwa mai sifirin wadda take cilla guntun itace ta kayar da soja a zahiri. Tuddansa allunan katako ne da aka ɗora wani kan wani. Wasan yana cin daɓen ɗaki guda ko farfajiyar gida, kuma wannan cin wuri shi ne matsalar da waɗanda suka biyo baya suka yi ta fama da ita.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka koma tebur. Jack Scruby a Kalifoniya ya riƙa zuba ƙananan sojoji musamman domin 'yan wasa, ya kuma fara mujallarsu a 1957. A Southampton, Donald Featherstone ya wallafa littafinsa na farko a kan wasan a 1962, a daidai lokacin da kamfanin Airfix yake sayar da akwatunan sojojin filastik masu kimanin milimita 20 a kuɗin da ɗan makaranta zai iya biya.

Ma'auni

Ana faɗin girman siffa ta hanya biyu. Masu ƙera tanka, jirgi da gini sun fi amfani da rabo, kamar 1:72, wato abu na gaske ya ninka siffar sau 72. Masu ƙera mutane kuwa sun fi faɗin tsayi da milimita, kuma a nan ne ruɗani yake, domin wasu suna aunawa daga tafin ƙafa zuwa ido, tunda hula tana ɓoye tsakar kai, wasu kuma har ƙolin kai. Ban da haka, masu sassaƙa sun yi ta ƙara wa siffofi girma a hankali domin su sami wurin zuba ado, har abin da ake kira milimita 25 a shekarun 1970 ya koma 28, wasu ma yanzu sun kai 32. Shi ya sa sojoji biyu daga kamfanoni daban, masu lamba ɗaya a jikin kwali, sukan tsaya kusa da juna ɗaya ya kere wa ɗaya.

Milimita 28, kimanin 1:56, shi ya fi yaɗuwa a yau. Ƙasa da shi akwai 20, sai 15 wanda ake ɗauka a matsayin 1:100 kuma wasan Flames of War na kamfanin Battlefront da ke Niyu Zilan ya ƙara masa farin jini tun 2002, sai 10, sai 6, har zuwa 2, inda ba a ƙera mutum ɗaya ɗaya, sai dai a zuba bataliya guda a matsayin ɗan tubali mai alamar sahu da tuta. A milimita 6 akwai ma'auni biyu da suka yi kusa da juna, 1:285 na kamfanin GHQ na Amurka wanda ya yi suna da ƙananan tankoki, da 1:300 da aka fi sani a Birtaniya. Jiragen ruwan yaƙi sukan sauka har 1:1,200, 1:2,400 ko 1:3,000.

Dalilin wannan ƙanƙancewa lissafi ne. Teburin da aka saba da shi yana da tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 4, wato kimanin santimita 180 da 120. Idan aka auna shi da ma'aunin soja mai milimita 28, tsawonsa kimanin mita 100 ne kawai na fili, nisan da harsashin bindigar zamani yake ninkawa sau da yawa. Fagen yaƙin Waterloo na 1815, wanda faɗinsa ya kai kimanin kilomita 4, zai buƙaci tebur mai tsawon fiye da mita 70. Saboda haka masu tsara ƙa'idoji suka raba ma'aunin fili da ma'aunin siffa, suka ce santimita ɗaya a tebur tana iya zama mita 10 ko 50 ko da sojan da ke tsaye a kanta ya fi haka girma, suka kuma ce mutum-mutumi ɗaya yana wakiltar sojoji 20 ko 50. Da haka gida ɗaya yakan zama ƙauye, bishiyoyi biyar su zama daji.

A nan ne ƙananan ma'aunai suke da fifikon da ba a cika yaba musu ba. Soja mai milimita 28 ya fi kyan gani a hannu, ana ganin fuskarsa da maɓallan rigarsa, amma goma sha biyu daga cikinsu ba su taɓa kama da bataliya ba. A milimita 6, mazauni ɗaya, wato ɗan allon da ake manna siffofi a kai, yana ɗaukar mutum ashirin ko talatin a sahu biyu, akwai fili a gefe da za a zagaya abokin gaba, akwai wurin ajiye rundunar ko-ta-kwana a baya, kuma ɗan wasa yana kallon teburin kamar yadda janar yake kallon fage daga kan tudu. Kuɗin ma ya fi sauƙi, kuma runduna guda tana shiga ƙaramin akwati.

Mazaunin da ake manna siffofi a kai shi ne abin da ƙa'ida ta fi kula da shi, domin faɗinsa ne yake nuna filin da runduna ta tare. A ƙa'idojin De Bellis Antiquitatis na 1990, alal misali, kowane ɓangare mazaunai 12 ne kacal gare shi, faɗin kowanne milimita 40 idan siffofin na milimita 15 ne, kuma ana wasan a fili mai kimanin santimita 60 kowane gefe. Jerin rundunoninsa ya haɗa da na Abzinawa da na daulolin Afirka ta Yamma irin su Mali da Songhai, don haka akwai masu ƙera barade masu lifidi da 'yan baka na wannan yanki.

Yadda ake ƙera su

Mai sassaƙa yakan fara da ƙashin waya, ya lulluɓe shi da wani ƙullu mai kashi biyu, shuɗi da rawaya, wanda yake komawa kore idan aka cuɗa shi, ya kuma taurare bayan 'yan sa'o'i. Daga wannan asali ake danna mazubin roba mai siffar faifai, a ɗora shi a injin da yake juya shi da sauri, a zuba narkakken ƙarfe ta tsakiya, juyawar ta tura shi cikin kowane lungu. Da can gaurayen darma ne, amma tsoron gubarta, musamman bayan yunƙurin hana ta a jihar New York a 1993, ya sa manyan kamfanoni suka koma gaurayen da kuza ta fi yawa a ciki. Mazubin roba yana da araha, shi ya sa mutum ɗaya a ƙaramin shago yake iya fitar da sojojin wani yaƙin da ba kowa ya san shi ba.

Filastik akasin haka ne. Mazubinsa na ƙarfe ne mai tsadar gaske, amma da zarar an sassaƙa shi sai ya yi ta fitar da dubban kwafi a kuɗi kaɗan, saboda haka sai abin da ake da tabbacin kasuwarsa ake yi da shi. Kamfanin Games Workshop, da aka kafa a Landan a 1975, wanda ya fitar da wasannin Warhammer a 1983 da Warhammer 40,000 a 1987, shi ya fi kowa cin gajiyar wannan hanya, kuma komawarsa Nottingham ta sa tsofaffin ma'aikatansa suka buɗe nasu kamfanonin a kewayen birnin, irin su Warlord Games, Perry Miniatures da Mantic. A 'yan shekarun nan na'urar da take gina abu falle bisa falle daga ruwan rezin ta shiga gidaje, har mutum yana sayen zanen kwamfuta ya fitar da sojan da girman da ya ga dama.

Fenti yana farawa da shafen farko domin launi ya kama, sai launukan tushe, sai a zuba baƙin ruwa-ruwa ya kwanta a cikin lunguna ya zama inuwa, sai a goga buroshin da ya kusa bushewa a kan wuraren da suka taso domin su yi haske. A ƙananan ma'aunai ana zaɓar launi mai haske fiye da na ainihi, domin ƙaramin abu yana duhu a ido idan aka kalle shi daga nisan mita guda, kuma abin da ake nema shi ne a gane sahun gaba ɗaya.

Shimfiɗar fili

Mafi sauƙin fili shi ne koren ƙyalle da aka shimfiɗa a kan littattafai domin su yi tudu. Daga nan sai kayan da ake ɗorawa ɗaya ɗaya, sai kuma allunan da aka sassaƙa fili a jikinsu, waɗanda ake yi da hanya da kogi suna fita a wuri ɗaya a kowane gefe domin a iya juya su a haɗa ta fuskoki da yawa. Akwai kuma teburin yashi, wanda sojoji suka daɗe suna amfani da shi, inda ake jiƙa yashin a gina tudu da kwari da hannu, sai dai nauyinsa da ƙurarsa sun sa 'yan wasa kaɗan ne suke ajiye shi.

Ana yanka tuddai daga soso mai tauri irin na rufin gini, a shafe su da farin gam da yashi, a yi fenti, a barbaɗa garin katako mai launi ko zaren ciyawar roba. Ana yin bishiya da murɗaɗɗiyar waya da gutsattsarin soso, gini kuma da kwali, rezin ko siririn katakon da aka yanka da hasken lesa. Da yawan waɗannan dabaru an aro su ne daga masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa, waɗanda gine-ginensu na ma'aunin OO suke dacewa da sojan milimita 20, na ma'aunin N kuma da na milimita 10.

Bambancin shi ne filin wasa dole ya yi aiki. Tudun da ya yi kama da na gaske sosai yakan sa sojan ƙarfe ya gangaro, shi ya sa ake yin wasu hawa-hawa kamar matakala. Daji yana buƙatar iyaka bayyananniya, galibi guntun ƙyalle ko allo, da bishiyoyin da ake ɗagawa idan runduna ta shiga, domin kada a yi gardamar wanda yake ciki da wanda yake waje. Ana yin rufin gida mai ciruwa saboda a sa sojoji a ɗaka. Masu milimita 15 sukan yi amfani da gidajen milimita 10 da gangan, domin ƙauye ya sami gidaje da yawa ba tare da ya cinye rabin teburin ba.

Yawan kayan fili yana sauya wasan baki ɗaya. Tebur fayau yana ba igwa da tankoki dama su share duk abin da ya motsa, tebur mai cunkoso kuma yana fifita dakaru da faɗan kusa, saboda haka ƙa'idoji da yawa suna ƙayyade adadin kayan da za a sa da wanda zai sa su, wasu gasanni ma suna buga taswirar da kowane tebur zai bi. Masu wasan tarihi suna kwaikwayon fagen da aka sani daga tsofaffin taswirori, kuma irin waɗannan tebura, waɗanda ƙungiyar 'yan wasa takan shafe watanni tana ginawa, su ake baje kolinsu a tarukan shekara-shekara kamar Salute a Landan da Historicon a Amurka.