Me Ya Sa Motar Asibiti Take Tsayuwa A Bakin Titi?

An sha tambayata: "Ga asibiti can, me motarku take yi a gefen shataletale, direba na zaman kashe wando?" Ba zaman banza ba ne. Lissafi ne ya ajiye ta a wurin.

A wannan aiki minti muke ƙirgawa. Wanda zuciyarsa ta tsaya, ƙwaƙwalwarsa na fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6, kuma duk mintin da ya wuce ba a taimaka masa ba, damar rayuwarsa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Shi ya sa a Ingila, tun 2017, ake son a isa ga kira mafi gaggawa cikin minti 7 a matsakaici, tara cikin goma kuma kada su wuce minti 15. Unguwar da ke kilomita biyu amma sai an ratsa cunkoso ko layin dogo ta fi mai kilomita biyar a miƙaƙƙen titi nisa.

To, me zai hana kowace unguwa ta samu tata? Kuɗi. Sayen motar ma shi ne mai sauƙin. Mako awa 168 ne, kuma mutum biyu ne a cikin motar dare da rana, don haka mota ɗaya tak na cin ma'aikata takwas zuwa goma idan aka haɗa da hutu. Ga mai, ga gyara, ga iskar numfashi da magunguna.

Sai a ɗauko rajistar kiraye-kiraye a zuba a kan taswira. Da rana ɗigon da ke nuna inda aka kira na taruwa a manyan tituna da wuraren aiki, da dare ya koma gidaje. A 1974 wasu masana biyu, Church da ReVelle, suka tsara tambayar da har yau ake aiki da ita: da motocin da ke hannunka, ina za ka ajiye su su cim ma mutane mafi yawa a kan lokaci? Amma taswira ba ta san mota na fita ba. Idan ta kai mara lafiya ta maƙale a ƙofar asibiti ana jiran gado, yankinta ya zama wayam, dole mai kula da kira ya janyo wata ta tsaya tsakani. Wadda ka gani a shataletale, wataƙila giɓin 'yar'uwarta take toshewa.

Inda lissafin ke damuna shi ne karkara. Idan yawan kira kaɗai za a bi, birni zai kwashe komai, mai naƙuda a ƙauye ta yi ta jira. A ganina gara a ajiye mota inda hanyoyin ƙauyuka suka haɗu, ko da za ta wuni ba a kira ta ba, a kuma horar da masu taimakon farko da za su riga ta isa a kan babur.

Idan ka kira, faɗi alamar da ake gani daga titi, ka tura wani ya tsaya a kwana yana ɗaga hannu. In mutumin ba ya amsawa kuma ba ya numfashi yadda ya kamata, ɗora hannuwanka biyu a tsakiyar ƙirjinsa ka riƙa dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, kada ka daina sai ma'aikata sun karɓe ka.