Takardar shaidar gini mai kiyaye muhalli: tambayoyin da aka yi mini a Nima

Ranar Asabar bayan la'asar, kwamitin makarantar Islamiyyar layinmu a unguwar Nima da ke Accra ya zauna kan maganar rushe tsohon ginin a tayar da bene mai hawa biyu. Ni aka kira domin sana'ata ke nan, zanen gini da lissafin kayan aiki. Ina cikin bayani na ambaci cewa akwai takardar da ake ba gini idan ya cika sharuɗɗan tattalin wuta da ruwa. Daga nan tambayoyi suka ɓarke, ba mu tashi ba sai da ladan ya kira magariba. Ga su nan yadda na riƙe su, da amsoshin da na bayar.

Alhaji, shugaban kwamiti, shi ya fara: "Ɗana, wace takarda ce kuma? Ba izinin ginin nan ba ne da muke karɓowa a asambili?"

A'a, Baba, daban suke. Izinin gini dole ne. Wanda ya fara aiki ba shi da shi, zai wayi gari ya ga an rubuta masa da jan fenti a jikin bango cewa ya dakata. Ita wannan takardar ganin dama ce. Mai gini ne ke gayyato masu bincike daga waje, waɗanda ba su da hannu a aikin, su auna ginin su ce lalle yana shan wuta kaɗan, yana cin ruwa kaɗan, kuma kayan da aka gina shi da su ba su jawo ɓarna mai yawa ba.

Kun san tambarin taurarin nan da Hukumar Makamashi ke sa a manna a jikin firji da na'urar sanyaya ɗaki. Mai taurari da yawa ya fi sauƙin shan wuta, kuma duk matar da ke sayar da ruwan sanyi a Maamobi ta san bambancin a katin mitarta. To kusan abin ke nan, sai dai a nan gini sukutum ake yi wa hukunci.

"Su wa ke bayar da ita?"

Tsare-tsaren suna da yawa, amma huɗu ne za ku fi jin sunansu. Mafi daɗewa shi ne BREEAM, wanda aka fara a Ingila a 1990. Sai LEED na Amurka, wanda ya fito a 1998. Shi maki ake tarawa cikin 110: wanda ya samu 40 ya tsallake, 50 azurfa, 60 zinariya, 80 zuwa sama matakin ƙoli. Akwai Green Star da aka ƙirƙiro a Ostireliya a 2003, Afirka ta Kudu ta ɗauka ta gyara shi daidai da yanayinta, shi kuma da taurari yake magana. Na huɗu shi ne EDGE, na hukumar IFC da ke ƙarƙashin rukunin Bankin Duniya, wanda aka tsara musamman domin ƙasashe masu tasowa. Shi ne na fi ba da ƙarfi a kai, domin sharaɗinsa a fili yake: ginin ya rage aƙalla kashi 20 cikin 100 na wuta, kashi 20 na ruwa, da kashi 20 na abin da aka ƙona wajen sarrafa kayan ginin. Wanda ya kai kashi 40 a ɓangaren wuta yana hawa mataki na gaba.

Malamin makarantar ya ce: "Wannan ai zancen ƙasashen Turawa ne. An taɓa ba wani gini a nan Ghana?"

An ba, Malam, kuma kuna wuce wasunsu a tirotiro. Akwai One Airport Square kusa da filin jirgi, wanda wani mai zanen gini ɗan Italiya, Mario Cucinella, ya zana, aka kammala a 2015. Ya samu taurari huɗu na Green Star. In kun lura da shi, dakalin kowane hawa ya zarce bango, yana yi wa gilashin da ke ƙarƙashinsa inuwa kamar malafa. Sabon asibitin Ridge ya samu azurfar LEED. A Kumasi kuma, sashen uwa da jariri na Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, wanda aka buɗe a 2018, yana da shaidar EDGE. Wannan na ƙarshen ya fi faranta mini rai, domin 'yan uwanmu na Aboabo da Asawase ne ke haihuwa a ciki. A shekarar 2018 ɗin ce kuma aka ƙaddamar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa, GS 1207, kuma akwai maganar tattalin makamashi a cikinsa.

"Kashi 20 na me? Da me ake gwadawa?"

Tambayar da ta dace ke nan. Ana gwada ginin ne da irinsa da aka saba yi a garin. A tsarin EDGE akwai manhaja a intanet, kyauta ce, kowa na iya shiga. Za ka zaɓi Accra, ka faɗi ko gida ne, ko makaranta, ko asibiti, ka sa girmansa da yawan hawa. Manhajar za ta ƙiyasta abin da gini irin wannan ya saba sha. Sai ka fara canje-canje: rage faɗin gilashi, sa rumfa a kan taga, fentin rufi mai haske, fitila mai ƙaramin sha, masai mai zuba lita 6 ko 3 maimakon tsohon da ke zuba lita 9 ko fiye. Duk abin da ka taɓa, kana ganin lissafin yana motsi nan take.

Takardar hawa biyu ce. Ta farko a kan zane ake bayarwa, tun ba a haƙa harsashi ba. Ta biyu sai an gama, mai bincike ya zo da ƙafarsa, ya duba rasiɗan kaya, ya ɗauki hotuna, ya tabbatar abin da aka yi alkawari a takarda shi ne a ƙasa.

Hajiya mai riƙe da asusu ta ce: "Ni dai ka faɗa mini gaskiya, nawa zai ƙara mana? Kuɗin nan taro da sisi muka tara shi."

Hajiya, akwai kuɗin rajista da na mai bincike, wannan ba makawa in ana son takardar. Akwai kuma kayan da ke da tsada, kamar farantan sola. Amma abubuwan da suka fi tasiri a ƙasa mai zafi irin tamu, yawancinsu shawara suke ci kafin a aza bulon farko.

Accra tana kusa da tsakiyar duniya, rana tana bi ta saman kai ne daga gabas zuwa yamma. Bangon da ke kallon yamma shi ke shan ranar azahar zuwa la'asar, ya riƙe zafin, ya yi ta sakinsa cikin ɗaki har tsakar dare. In aka juya ginin manyan tagogi suka kalli kudu da arewa, an kashe rabin matsalar ba a biya ko fesewa ba. Iskar teku kuma daga kudu maso yamma take tasowa. Taga a wannan bango, wata a bangon da ke fuskantarta, iska ta shiga ta fita. Tagar luba, mai jerin fallayen gilashi da ake karkatawa, da iyayenmu suka yi amfani da ita tana buɗewa kusan gaba ɗaya. Gilashin da ake turawa gefe, wanda kowa ke yayi yanzu, rabi kaɗai yake buɗewa, shi ya sa mai shi ke ƙarewa da sayen na'urar sanyi.

Ina da gwaggo a Maamobi, ɗaki ɗaya, kwano ba silin, taga guda ƙarama da ke kallon bangon maƙwabta. A watan Maris na je gaishe ta da rana, na tarar ta jiƙa zane ta yafa a kafaɗa, fanka na juyawa yana hura mata iska mai zafi kamar ta bakin murhu, jikanta kwance a ƙasa duk ƙuraje sun feso masa a wuya. Muka sa silin, muka bar 'yar kafa a ƙarƙashin kwanon domin zafi ya samu mafita, muka shafa wa kwanon farin fenti, muka huda wata taga ta baya. Da na koma bayan wata guda, a cikin ɗakin na same ta tana barcin rana. Abin da waɗancan manyan gine-gine ke karɓar taurari a kai, tushensa ke nan.

Ruwa kuma, lissafinsa mai sauƙi ne. Duk milimita ɗaya ta ruwan sama da ta sauka a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce. Accra tana samun tsakanin milimita 700 da 800 a shekara. Rufin makarantar nan in ya kai murabba'in mita 100, kimanin lita 70,000 ke zubowa ta indararo, mu kuma muna aiken yara da jarkokin nan da ake kira galan ɗin Kufuor su bi layin famfo. Ruwan nan da muke bari, shi ne ke gangarawa kwatar Nima ya faɗa rafin Odaw. Duk wanda ya ga daren 3 ga Yunin 2015 a shataletalen Circle, inda ambaliya da gobara suka ci rai fiye da 150, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan amfanin tare ruwa a tanki da barin fili marar siminti da ƙasa za ta sha.

Wani dattijon birkila ya gyara zama: "Yaro, mu da muka taso a ginin ƙasa, wa ya ba kakanninmu takarda?"

Babu, Kawu, kuma da yau ake auna ginin tubali da azara, a ɓangaren kayan gini da zai ba bulon siminti rata mai nisa. Siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon da duniya ke fitarwa, domin sai an gasa dutse a wuta mai tsananin zafi. Mu a Ghana ma daga waje muke shigo da gasasshen dutsen, a niƙa a nan, shi ya sa duk lokacin da sidi ya faɗi, buhun siminti ke tashi. Cibiyar binciken gini da hanyoyi da ke Fumesua, kusa da Kumasi, ta daɗe da samar da garin fozolana daga gasasshen yumɓu, wanda ake gaurayawa a rage yawan siminti. Akwai kuma jan bulo, da bulon ƙasa da ake matsewa da inji.

Sai dai kada mu ɗauko soron Kano mu dasa a bakin teku yadda yake. Can iska busasshiya ce, dare yana sanyi, bango mai kauri yana aiki sosai. Nan laima ce, abin da jiki ke nema shi ne inuwa da iska mai wucewa. Abin da za mu ɗauka daga kakanninmu shi ne tsakar gida, da baranda, da bishiya a ƙofa, da kallon inda rana ke faɗuwa kafin a ja igiya.

Wani saurayi daga baya ya ce: "Yaya, ba takarda ba ce kawai da mai kuɗi zai saya ya rataya?"

Ban ga laifin zarginka ba. Akwai rauni na gaske. Gini na iya samun shaida a kan zane, a tallata shi da ita, sannan wajen aiki a canja kaya. Akwai kuma wanda aka gina daidai, amma masu amfani da shi su bar na'urar sanyi tana aiki ƙofa a buɗe, famfo na zuba wata da watanni. Na taɓa aiki a wani gini inda aka zana rumfunan taga masu kyau, da kuɗi ya yi ƙasa su aka fara sokewa, aka bar tayil mai tsada a ƙofar shiga. Har yau abin yana ci mini rai, domin ma'aikatan da ke zaune a ɓangaren yamma su ke biyan wannan shawarar da guminsu kullum. Don haka in an ce maka gini yana da shaida, tambayi wacce, ta zane ko ta bayan kammalawa, sannan ka nemi ganin takardar kuɗin wuta ta shekara guda. Duk da haka na fi yarda da ginin da baƙo ya zo ya auna a kan wanda mai shi kaɗai ke yabo.

"Mu 'yan haya fa, ina ruwanmu?"

Ku abin ya fi shafa. Mai gida ne ke zaɓen kwano da taga, ɗan haya ne ke sayen katin mita. Wanda ya gina ba shi ke kwana cikin zafin ba, shi ya sa ba ya damuwa da silin. Lokacin dumso, wato yawan ɗauke wutar nan daga 2012 zuwa 2016, mun ga bambancin ɗakin da ke shaƙar iska da wanda in fanka ta tsaya sai kowa ya fito da tabarma waje. Kafin ka zube kuɗin haya na shekara biyu, je ka ga ɗakin da ƙarfe uku na rana, ka dafa bangon da tafin hannunka, ka ƙirga tagogi.

Alhaji ya rufe da cewa: "To, mu nemi takardar ko mu bari?"

Ra'ayina, Baba, kada mu sa kuɗin gudummawar jama'a a rajista yanzu. Takardar ta fi amfani ga wanda zai nemi rancen banki, ko mai ofisoshin da kamfanonin waje za su kama haya, ko wanda mai ba da tallafi ya gindaya masa sharaɗin. In wata ƙungiya ta zo za ta taimaka mana ta nemi shaidar, sai mu nema, kuma zai zo da sauƙi in tun farko mun gina a kan ma'aunin. Manhajar kyauta ce, ni zan shigar da zanen makarantar in ga ko mun haye kashi 20 ɗin a duka ukun.

Aka tsaya a kan haka. Zan juya azuzuwan su kalli kudu da arewa, matakalar bene ta koma bangon yamma ta tare rana, a sa luba a ɓangarori biyu, a zarce da rufi ya yi wa baranda inuwa. Hajiya ta ce a ware kuɗin tanki biyu tun yanzu kafin siminti ya cinye, Malam kuma ya roƙi a bi da ruwan alwala zuwa gindin dalbejiyar da ke tsakar makarantar maimakon kwata. Kawu birkila ya ce zai tambayo farashin jan bulo. Nan da mako biyu zan kai musu sabon zanen, bayan la'asar.