Alkawarin sabuwar shekara: a auna kai kafin a ɗauka

Kowane watan Janairu, da an gama gaisuwar bonane, mukan ga sababbin fuskoki a ɗakin shan magani a nan Garwa, kowa da niyyar da ya ƙulla: wannan zai bar sigari, wancan zai rage ƙiba, mai haya da babur kuma ya rantse ya rabu da tramol. Sai dai kafin zafin Maris ya kankama da yawansu sun koma gidan jiya, kuma iya lurar da na yi, ba lalaci ne ke kayar da su ba, aron alkawari ne. Mutum ya ga wani a Facebook yana gudu a titunan Faransa, sai ya yafa wa kansa wannan tsari, alhali tuwon dawa ne a gidansa, aikinsa kuma daga asuba har magariba.

Kafin a ɗauki alkawari, a fara faɗa wa kai gaskiya. Wani dattijo tela ya zo mana da hawan jini, na tambaye shi kara nawa yake sha a rana, ya ce, "Ɗana, ai ba ya wuce biyu ko uku." Na ce, "Baba, ku ajiye gwangwanin tumatir a gefen keke, duk wanda kuka sha ku jefa guntunsa ciki." Bayan kwana uku ya zazzage gwangwanin a kan benci, muka ƙirga guntu 41, ya daɗe yana kallonsu bai ce komai ba. Ba ƙarya ya yi mini ba, kansa ya daɗe yana yi wa rangwame, kuma duk mukan yi haka da sukarin shayi da dunƙulen magi.

Idan an san inda ake, sai a zaɓi abu guda, ƙarami, wanda za a iya ƙirgawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da baligi ke ci ya kai giram 5 a rana, wato wajen ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin magi. Saboda haka uwargidan da ke jefa dunƙule huɗu a miya ta koma uku, bayan wata guda ta koma biyu, domin harshe yana sabawa. Hukumar ta kuma ce a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, kuma tafiyar sauri ta minti 30 bayan sallar asuba, kwana biyar a mako, ta wadatar ba tare da an kashe ko sefa ɗaya ba.

Mai barin sigari ya sani cewa makon farko ne mafi wuya, da ƙunci da saurin fushi da rashin barci, amma waɗannan sukan lafa cikin 'yan makonni, kuma bayan shekara guda haɗarin ciwon zuciya yakan ragu da kusan rabi. Wanda ke kai azumi ya riga ya gwada haƙuri da ita daga alfijir zuwa faɗuwar rana. Tramol kuwa dabam ne: wanda jikinsa ya saba da shi kada ya yanke dare ɗaya, ya zo a tsara masa ragewa sannu a hankali, kuma babu wanda zai tona masa asiri.

Wani bincike da aka yi a Landan, aka wallafa a 2009, ya nuna cewa sabuwar ɗabi'a takan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zama jiki, wasu har fiye da kwana 200, kuma tsallake rana ɗaya ba ya rusa aikin. Don haka wanda ya zame ranar biki ko ranar karɓar kuɗin auduga, kada ya ce sai baɗi ko sai Muharram, ya ci gaba washegari. Idan ya dawo awon jini, ya faɗa mana adadin da ya sha yadda yake, domin da shi za mu gyara masa tsarin.