Tankar Yaƙi a Tafin Hannu: Yaya Ake Yi Mata Fenti?

Wane irin wasa ne wannan?

Mutum biyu ne ke jera ƙananan sojoji da tankoki a kan teburi, su auna tazara da tef, su jefa ƙwayar ludo don sanin ko harbi ya samu. A wasan Flames of War na kamfanin Battlefront, an rage girman tanka sau 100; a Bolt Action na Warlord Games da ke Ingila, sau 56. Gunduwa-gunduwa tankokin ke zuwa, ba launi, mai wasa ne ke harhaɗawa ya yi fenti.

To, wane launi za a shafa?

Sai an san shekarar da tankar ta fita fage. Tankokin Jamus a farkon Yaƙin Duniya na Biyu ruwan toka ne mai duhu. Daga Fabrairun 1943 aka koma rawaya mai duhu daga masana'anta, su kuma sojoji su ƙara kore da jan ƙasa a filin daga, kowa yadda hannunsa ya ba shi. Shi ya sa ba a cika samun biyu iri ɗaya ba, kuma wannan ya yi wa sabon hannu daɗi. Sherman ta Amurka ruwan ganyen zaitun ce, T-34 ta Tarayyar Sobiyat kuwa koriya.

Me ya sa ake cewa a haskaka launin?

Don daga tsaye ake kallon teburi, ba da hanci a jikin tanka ba. Ainihin launin soja, in an shafa shi a abu ƙarami, duhu yake yi har siffar ta ɓace. Bayan fentin shimfiɗa da na jiki, ana zuba tsararon fenti mai duhu ya kwanta a lunguna, sannan a goge buroshi har ya kusa bushewa, a bi gefuna da launi mai haske. Fentin kamfanin Vallejo na Sifen da ruwa ake tsarma shi. Shafi biyu marar kauri ya fi ɗaya mai kauri.

Tsatsa fa?

A nan mutane ke wuce gona da iri. Tankar da ke bakin aiki ana kula da ita, yawanci ma ba ta daɗe har ta ruɓe ba. Ƙura da taɓo a sarƙoƙi da ƙasan jiki sun isa, sai ɗan tsatsa a bututun hayaƙi.

Fentin ba ya gogewa da yawan taɓawa?

Yana yi, in ba a fesa masa ruwan kariya marar sheƙi ba.