Akbishop Peter Jatau na Kaduna: Tambayoyi da Amsoshi

Wane ne Peter Yariyok Jatau?

Shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Babbar Dayosis ta Katolika ta Kaduna, wato yankin majami'un da ke ƙarƙashin akbishop (babban bishop). An haife shi a shekarar 1931 a ƙasar Bajju da ke kudancin Jihar Kaduna ta yau, aka naɗa shi Fada a 1963, a lokacin da mafi yawan limaman Katolika a Arewa Turawan mishan ne, galibinsu 'yan ƙasar Ailan. Ya rasu a watan Disamba na 2020 yana da shekara 89.

Yaya aka yi ya hau kujerar?

A 1959 Fadar Paparoma ta ɗaga Kaduna zuwa matsayin babbar dayosis, John MacCarthy kuma ya zama akbishop ɗinta na farko. A 1972 aka naɗa Jatau mataimakinsa mai jiran gado, muƙamin da mai riƙe da shi ke hawa kujera kai tsaye da zarar ta zama babu kowa, ba tare da an sake wani zaɓe ba. Ya gaje shi a 1975. Tsakanin zamansa Fada da zamansa bishop shekara tara ce kacal, abin da ke nuna irin gaggawar da Ikilisiya ke yi ta miƙa ragama ga 'yan ƙasa.

Me ya sa ake cewa ƙasar da ya mulka ta ragu a hannunsa?

Domin haka aka yi, kuma a ganina nan ne babban aikinsa yake. Yankin da ya gada ya haɗa har da Kano, kuma mutum ɗaya ba zai iya kewaya irin wannan faɗi ya san majami'un ƙauyuka da masu hidimarsu ba. A zamaninsa aka yanke Kano a 1991, aka kafa Dayosis ta Kafanchan a 1995 da Joseph Bagobiri a matsayin bishop, sannan Zariya ta samu tata a 2000. Raba dayosis na buƙatar limaman da za su riƙe sabon yankin, don haka horar da 'yan ƙasa na da muhimmanci. Matthew Hassan Kukah, wanda ya zama Bishop na Sakkwato a 2011, yana cikin waɗanda suka zama Fada a farkon mulkinsa, a 1976.

Waɗanne matsaloli ya fuskanta?

Ya karɓi aiki bayan gwamnati ta karɓe makarantun mishan, inda St. John's College ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles kuma ta koma Kwalejin Sarauniya Amina. Wannan ya raba Ikilisiya da hanya mafi ƙarfi da take tarbiyyar matasa. Sai kuma rikice-rikicen da suka girgiza jihar: Kafanchan a 1987, Zangon Kataf a 1992, rikicin Shari'a a 2000, da na gasar sarauniyar kyau a 2002. Bayan na 2000 ne garin Kaduna ya rabu, Kiristoci da yawa suka koma kudancin Kogin Kaduna, Musulmi suka koma arewa, majami'u da masallatai kuma suka bi jama'arsu.

Gaskiya ne Paparoma ya zo Kaduna a zamaninsa?

Gaskiya ne. Paparoma John Paul na Biyu ya ziyarci Kaduna a watan Fabrairu na 1982, ya kuma naɗa sababbin limamai a nan.

Me ya sa ya sauka alhali yana raye?

Dokar Ikilisiyar Katolika ta buƙaci kowane bishop ya miƙa wa Paparoma takardar murabus idan ya cika shekara 75, Paparoma kuma shi ke da ikon karɓa nan take ko ya jinkirta. An karɓi tasa a watan Nuwamba na 2007, bayan shekara 32 a kan kujera, aka naɗa Matthew Man-Oso Ndagoso, wanda yake Bishop na Maiduguri a lokacin, ya gaje shi.