Harold Gillies da asalin tiyatar gyaran fuska

Da zarar an ambaci tiyatar fuska, sai tunanin mutane ya tafi ga masu hali da ke son a gyara musu hanci don kwalliya. A matsayina na ma'aikaciyar lafiya, wannan fahimta tana damuna ƙwarai, domin tana cikin abin da ke sa a ɓoye mai larura a ɗaka. Alhali kuwa wannan fanni, a yadda yake a zamanin nan, daga filin daga ya taso.

An haifi Harold Gillies a 1882 a garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan, ya yi karatun likita a Ingila, ya ƙware kan kunne da hanci da maƙogwaro. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kai shi Faransa a 1915. Sojoji suna cikin ramuka, kai kaɗai ke leƙowa, don haka harsashi da ɓaraguzan bam a fuska suke sauka. Wani ya rasa hanci, wani muƙamuƙi gaba ɗaya. Ɗinke raunin kawai ake yi, mutum ya rayu amma ko abinci ba ya iya tauna.

Gillies bai yarda da haka ba. Ya dage har aka buɗe asibiti na musamman a Sidcup, kusa da Landan, a 1917, inda aka yi wa sojoji sama da 5,000 tiyata fiye da 11,000. A lokacin babu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin na yanzu, fatar da aka yanko aka liƙa kan ruɓe. Sai ya riƙa ɗago fata daga ƙirji ko goshi ba tare da ya tsinke ta ba, ya naɗe ta kamar bututu ya ɗinke. Jini na ci gaba da gudana a ciki, ƙazanta ba ta samun ƙofa. Sannu a hankali, mako bayan mako, ake matsar da ita har ta kama a fuska. Abin da ya fi taɓa ni shi ne an hana ajiye madubi a ɗakunan jinya, don kada saurayi ya ga kansa ya yanke ƙauna tun aiki bai kammala ba. Gillies ya rasu a 1960.

Yau wannan ilimi ne ake yi wa mai ƙuna, da wanda ya yi haɗari, da wanda cutar noma, mai cin naman baki da fuska, ta cinye wa kunci. Haka jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe ko tsagaggiyar ganɗa, wanda ake samu kusan ɗaya cikin haihuwa 700. Iyaye, ba laifin uwa ba ne, ba kuma abin kunya ba ne. Leɓe ana ɗinke shi yawanci tsakanin wata 3 zuwa 6, ganɗa kuma kafin yaro ya soma magana sosai. Ku kai shi asibiti tun makon farko, domin irin wannan jariri yakan wahala wajen shan nono, kuma sai ya yi ƙwari likita zai sa ranar aiki.